Kiran Mista Boodoo

Litinin, 4 ga Maris
Yau ma Mista Boodoo ya bugo wa shirinmu na safe. Ni ce mai ɗaukar kira a gidan rediyon, in haɗa mutum da Kelvin mai gabatarwa. Boodoo ya ce 'yan gudun hijirar Benezuwela ɓeraye ne, sun cika garinmu Chaguanas, a kwashe su a zuba a teku. Kelvin ya yi dariya ya ce, "Kawu, a hankali dai." Ni haɗawa kawai na yi. Bakinsa ne.

Talata, 5 ga Maris
Kelvin ya tambayi masu sauraro, a hana irin su Boodoo magana ko a ƙyale su? Waya kamar za ta fashe. Yawanci sun ce a ƙyale shi. Wata tsohuwa ta ce, "Yau a rufe bakinsa, gobe naki za a rufe." Ra'ayina ke nan, haka na gaya wa Dexter mijina.

Alhamis, 7 ga Maris
Boodoo ya ambaci titinmu. Wai akwai wata mai suya a gaban kantin magani, a je a gani. Yusmary ce, 'yar Benezuwela. Ita ke riƙe min ɗiyata Anjali in na makara a wurin aiki.

Asabar, 9 ga Maris
Wasu samari sun kifar da teburin Yusmary, man suya ya ƙona mata hannu har gwiwa. Wai ba wanda ya gane su. Na kai mata magani. Ta ce, "Indra, a rediyonku aka faɗa, ko?" Na ce ban ji ba.

Lahadi, 10 ga Maris
Dexter ya ce ai ba Boodoo ne ya ɗaga teburin ba. Gaskiya ne. Na kasa cin abinci.

Litinin, 11 ga Maris
Manaja ya ce Boodoo ke jawo mana masu sauraro, kada a taɓa shi. Kelvin ya ce, "'Yar uwa, mu ba alƙalai ba ne." Anjali sai tambaya take yaushe Anti Yusmary za ta fito.

Laraba, 13 ga Maris
Lambar Boodoo ta fito, na gane ta. Na bar ta tana ƙara, na haɗa wani mai kukan ramukan titi. Ya sake bugowa, na haɗa mai neman karensa da ya ɓata. Kelvin ya dube ni ta gilashi. Na ce layin ne ba kyau.

Ban canza ra'ayi ba, kowa na da ikon faɗin abin da ke ransa. Kira ne dai ya yi yawa yau. Ina jin gobe ma zai yi yawa.