Igiyar da Na Yanka Biyu

Haɗejia,
Jihar Jigawa.
19 ga Satumba.

Zuwa ga Yayata Hafsat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Yaya Abdulmannan da su Umaima. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku daga fitinun Legas, Ya raya mana yaran nan. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Baba ta saki har yana takawa masallaci da kansa, Umma kuma tana nan da azuminta na Litinin da Alhamis. Ruwa ne dai bana ya yi mana yawa. Kogi ya haura ya shanye gonakin shinkafa ta wajen Baturiya, mutanen ƙauyuka da dama suna zaune a makarantu da 'yan komatsansu.

Yaya, sau uku kina kira na ina ce miki lafiya lau. Ba lafiya ba ce. Gidan ne cike da 'yan dubiya, duk inda na juya da waya akwai kunne. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Ɗanladi direban motar kifi ya kawo miki hannu da hannu. Maganar ta shafi idon Bakari ƙanin maigidana, da sunan wani dattijo, da kuma zamana a gidan nan. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yi mini faɗa.

Kin tuna motar lantarkin nan da na turo miki hotonta bara, wadda aka ba ƙungiyar manoman shinkafa, aka ɗauki maigidana direbanta. Ba ta shan mai, a harabar ƙungiya ake yi mata caji da sola, kuma an yi ta ne don shiga fadama da rairayi. Iya, surukata, munafuka take ce mata, wai mota ta gari sai ta yi gyaran murya kafin ta iso ƙofar gida. Ni kuwa ranar da ya fara ɗaukata a ciki, ji na yi kamar na faɗo daga shafin littafi. Tare da motar aka ba su kayan ko-ta-kwana, har kwana biyu aka yi ana koya musu amfani da su. Akwai gajeren shebur, da alluna biyu na roba masu haƙora da ake cusawa ƙarƙashin taya idan ta kafe, da famfon iska, da safar hannu ta roba saboda wutar batir, da abin kashe gobara, da akwatin magani, da tocila, da wayar caji. Sai wata baƙar jaka mai ɗauke da igiyar jan mota da zobbanta na ƙarfe. Igiyar faɗi gare ta kamar ɗamara, launinta ruwan lemo, ga laushi a hannu.

Kin san halin gidajenmu, abu mai kyau ba ya zama babu aikin yi. Da rani ya shigo aka daina maganar taɓo, kayan nan suka fara shigowa gida ɗaya bayan ɗaya. Shebur ya tafi yasar kwata. Allunan Iya ta sa aka shimfiɗa a kan lambatu don kada ta zame. Bandeji ya ƙare a yatsun jikokinta. Wannan duk da saninsa aka yi, kullum sai ya ce aro ne. Nawa ne kaɗai babu saninsa. Na karanta wani littafi inda matar gidan take da lilo a lambu, tana zaune a kai da yamma har mijinta ya dawo, sai abin ya tsaya mini a rai. Ga bishiyar maina, wato dogon yaro, a tsakar gidanmu da reshe a miƙe. Wata Juma'a ya bar motar a ƙofar gida ya tafi masallaci, na ɗauki mukulli na ciro igiyar. Ta yi tsawo, na sa wuƙa na raba ta biyu. Don kada jakar ta yamushe, na naɗe wani tsohon buhun shinkafa na cusa a ciki. Na daɗe ina gaya wa kaina wauta ce kawai, amma wanda bai san laifi yake yi ba ai ba ya cusa buhu.

Na roƙi Bakari ƙyallayen atamfa daga shagonsa na ɗinki, na lulluɓe igiyar tun daga sama har ƙasa na ɗinke, ko ɗigon ruwan lemo ba a gani. Kin san wasan da ke tsakanina da shi tun ranar da aka kawo ni. Matata yake ce mini, ni kuma in ce masa tela mai gajeren hannu. Da ya ga lilon sai ya ce yanzu saura a haƙa mini tafki a sa agwagi, sannan a nemo mini miji mai jirgin sama, tunda yayansa ya gaza. Maigidana ma dariya ya yi, ya ɗauka igiyar guga ce a ciki. Yammaci da yawa idan ya dawo ya tarar da ni a kai da littafi, yakan tsaya a bayana ya ɗan tura ni kafin ya wuce alwala. Ban taɓa jin daɗin zaman aure kamar watannin nan ba, kuma wannan shi ya fi komai ci mini rai yanzu.

Da ruwa ya sauka maigidana ya bi kayansa ya tattara. Ya karɓo shebur, ya ɗage allunan Iya tana mita, ya taɓa baƙar jakar ya ji ta cike, bai buɗe ba. Ina tsaye a ƙofa ina kallo. Na ce a raina gobe zan faɗa masa, goben ta zama wata biyu.

Ranar Talata, uku ga wata, aka tura shi kwaso buhunan iri daga wani ƙauye bayan Baturiya kafin ruwa ya cinye rumbun. Bakari ya bi shi don ya duba gonarsa. A hanyar dawowa, wajen azahar, suka tarar ruwa ya malalo kan hanya ta cikin ciyawar kacala, ƙasar da suka taka da safe ta zama kunu. Motar ta nutse har cikinta ya zauna. Ashe irin waɗannan motoci sun fi na fetur nauyi nesa ba kusa ba, saboda batirin da ke shimfiɗe a ƙarƙashinsu. Suka sauke kaya, suka rage iskar taya, suka haƙa, suka cusa alluna, tayoyi suna ta juyi a banza suna cin caji. Masunta da manoma suka taru, amma yawancinsu suka ƙi shiga ruwan da ke kusa da ita, wai kada wuta ta ja su. Wani ya ce idan mai ne ya ƙare ga babur a ɗebo a galan, aka yi ta yi masa dariya. Ruwa kuwa yana ta hawa, maigidana yana tsoron ya rufe batirin.

Can Allah Ya kawo mai tarakta. Maigidana ya ce an gama, ya ɗauko baƙar jaka ya zuge, sai ga buhu. Daga baya ya gaya wa Iya cewa ya tsaya yana kallonsa kamar bai taɓa ganin buhu ba. Mai tarakta ya fito da tasa igiyar ta ɗaure kaya, mai ƙugiyar ƙarfe a baki, ya ce da ita yake fizgo motocin haya kullum. An koya wa maigidana cewa ba a jan wannan mota da igiya mai ƙugiya, kuma ana ɗora bargo ko buhu mai nauyi a tsakiyar igiya, sannan kowa ya ja baya nesa. Amma ruwa ya kai gwiwa, mutane suna ta ihun a yi a yi. Bakari ya tsaya a gefe yana ba mai tarakta hannu. Ja na biyu ƙugiyar ta ɓalle, ta dawo kamar an harbo ta, ta same shi a fuska.

Da aka buɗe akwatin magani, almakashi ne kawai da 'yar auduga. Rigarsa maigidana ya yaga ya ɗaure masa. A kwalekwale aka fito da shi, sannan babur, sannan asibiti a nan, daga nan aka wuce da shi Kano. Idon dama ya tafi, Yaya. Na hagu yana gani, amma likita ya ce zare da allura sai a hankali, idan ma zai iya. Motar kwana biyu ta yi a ruwa kafin a fito da ita. Yanzu tana can an ajiye ta nesa da gidaje, an hana kowa ya sa mata caji sai masu gyaranta sun zo sun duba batirin.

Sai maganar wanda ya ɗauke igiya ta taso. A harabar ƙungiya motar ke kwana, buhun kuma irin na ƙungiya ne, don haka kowa ya juya kan maigadi, Malam Bunu, dattijon da iyayensa suka zo daga bakin Tafkin Cadi, shekararsa ashirin yana gadi ko tsinke ba a taɓa nema ba. Aka dakatar da shi. Aka sa ranar Asabar da ta wuce za a zauna, ko ya fito da igiya ko ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a. Kwana goma ina jin wannan magana a tsakar gida ina tuƙa tuwon 'yan dubiya, igiyar tana reto a kanmu cikin atamfa. Har tunanin kwance ta na yi in jefa a masai. A littattafan da nake karantawa, idan abu ya kai haka wani ne yake shigowa ya warware. Na yi ta jira, babu wanda ya shigo.

Ranar Juma'a da hantsi Gumsu, matar Malam Bunu, ta zo dubiya da kwanon kunun gyaɗa. Ba ta roƙi kowa komai ba. Ta yi wa Bakari addu'a, ta gaishe da Iya. Da Iya ta tambaye ta lafiyar Malam don kara, sai ta ce yana nan, a ɗaki yake sallolinsa yanzu, tun ranar da wani ya janye takalmansa daga kusa da nasa a ƙofar masallaci. Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin ruwan sama. Tana fita na ɗauko reza, na hau turmi, na farke ɗinkin a gaban Iya. Da ruwan lemon ya bayyana Iya ta yi salati a hankali, ta zauna a ƙasa, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Da maigidana ya dawo daga masallaci na ajiye masa guntayen biyu a kan tabarma, na durƙusa na faɗa masa komai har da buhun. Ya daɗe yana juya bakin da na yanka. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ni da hannuna nake tura ki a kai.” Ya naɗe su ya fita. A wajen zaman, an ce bai ambaci sunana ba. Cewa ya yi a gidansa aka samu igiyar, shi ne bai duba kayansa ba, shi ne kuma ya yarda aka ja da ƙugiya. Ya ba Malam Bunu haƙuri a gaban kowa. An karɓe mukullin mota daga hannunsa sai abin da shugabanni suka yanke. Malam Bunu ya ce ya yafe, amma ba zai koma gadin ba.

Na shiga wurin Bakari na nemi gafara. Yana zaune da farin ƙyalle a rabin fuskarsa. Ya ce haka Allah Ya rubuta, ya yafe duniya da lahira. Da na tashi zan fita sai ya ce, “Na gode, matar Yaya.” Tun daga ranar haka yake kira na, da ladabi, kamar baƙuwa.

Ga abin da nake roƙo. Tunda Yaya Abdulmannan yana cikin masu kayan mota, ya taimaka ya samo igiyar ja ta gaskiya, wadda aka rubuta nauyin da take ɗauka, ya gaya musu ta motar lantarki ce mai nauyi, kuma marar ƙugiya. Ya haɗa da bargon da ake ɗora mata, da akwatin magani cikakke mai bandeji da yawa. Na ƙulle 'yan kunnena na zinariya a ƙyalle cikin ambulan ɗin nan, a sayar a yi da su. Ko an mayar masa da motar ko an ba wani, ina so kayan su shiga cikinta. Na san ba za su dawo da ido ba.

Su Umma ba su san nawa hannun ba tukuna, kada ki riga ni faɗa musu. Maigidana yana cin abincina, yana amsa gaisuwata, bayan wannan babu. Jiya na ji Iya tana ce masa kada ya yanke komai cikin fushi, ya bari Bakari ya warware.

Ki gaishe da Yaya Abdulmannan da kyau, da Umaima da Adam, ki ce musu Anti tana kewarsu. Ki gaishe da maƙwabciyarki Maman Kamila. Ki sa Bakari a addu'a, ki sa Malam Bunu, idan da saura ki sa ni. Kayan a ba Ɗanladi ya kai harabar ƙungiya kai tsaye. Amsarki kuwa ki ce ya ajiye mini a gidan Baba, don ban san a wane gida za ta same ni ba.

Wassalam.

Ƙanwarki,
Zulaihat.