Dawanau Biyu Ce, Baban Aina'u

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, gawon gonata mai ba da inuwa lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, mutumin da na zaɓa da bakina kuma har gobe shi zan sake zaɓa, wanda yau kwana ashirin da uku ke nan ya bar ni da haushinsa.

Assalamu alaikum. Na yi maka sallama ne don haka addini ya ce a yi, ba don na huce ba. Ban huce ba. Ina sonka kamar ran da aka kawo ni gidan nan, kuma da a ce kana gabana yanzu da na riƙe wuyan rigarka na girgiza ka har hularka ta faɗi. Shekara tara ina matarka ban taɓa kama sunanka ba, amma yau zan kama. Tasi'u, me na yi maka?

Na san abin da za ka ce. Za ka ce na tona maka asiri a gaban Inna. To bari in maimaita abin da ya faru, mu ji ko akwai zagi a ciki. Ranar Laraba ce bayan la'asar. Na fito da kwanon tuwonka daga ɗaki, loma biyu kacal ka yi, kamar kullum. Kana tsugune kana wanke hannu, Inna tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na ce, "Baban Aina'u, don Allah ka bari mu je Dawanau a duba ka." Inna ta saki salati, ta ce, "Ɗan nawa za ki kai Dawanau? Ke 'yar nan, mahaukaci kika ga na haifa?" Kai kuwa sai ka miƙe. Ka ɗauki hularka ka fita, sai washegari muka ji kana Zakirai wurin Yaya Ja'afaru.

Na yi kuskure, na yarda. Maganar cikin ɗaki ce na yi ta a tsakar gida, kuma na nemi gafarar Inna har ƙasa. Amma Dawanau biyu ce, kai ma ka sani. Akwai ta buhuna, kasuwar hatsi, inda ka yi shekara goma sha ɗaya kana awon gero da wake, kana dawo mini da ƙamshin riɗi a jikin rigarka. Akwai kuma ta asibitin ƙwaƙwalwa, wadda yara ke tsokanar juna da ita a bakin rijiya. Kowace safiya ta Allah kana ce mini ka tafi Dawanau, ina ce maka Allah ya ba da sa'a. Sau nawa kalmar nan ta fito daga bakinka ban ji komai ba? Ni sau ɗaya tak na faɗe ta, shi ne ta zama wuƙa?

Ya hasken ɗakina, kana tsammani ban san abin da ke cinka ba? Tun ranar da tayar bas ta fashe da ku a hanyar dawowa daga kasuwar Tsanyawa, ƙaninka Fatihu ya cika kansa yana kan cinyarka, rabinka ne ya dawo mini gida. Ka bar kasuwa ka koma gona, don gona da ƙafa ake zuwa. Mota ta yi oda a bakin titi, sai fartanya ta suɓuce daga hannunka. Ran da murfin tukunya ya faɗi daga hannun Aina'u, ka daka mata tsawar da ta sa yarinyar ta yi fitsari a tsaye, sannan ka shiga bayan rumbu ka yi kuka, ka zaci ba wanda ya gan ka. Na gan ka. Kuma na san kai da Fatihu kwano ɗaya kuke ci tun kuna yara. Har yau gefenka kawai kake taɓawa, ka bar ɗaya gefen sumul yadda na kwashe shi. Ni nake wanke kwanon nan, Tasi'u, shekara biyu ina gani.

Ba wai mun zauna ba ne. An yi sauka, an yi sadaka, ni da hannuna na wanke maka allo har ƙasan farcena ya yi baƙi. Malam Sha'aban mai yi maka rubutun shi ne ya kira ni gefe ya ce, "Asama'u, addu'a ba za mu fasa ba, amma ku nemi masu ilimin wannan ciwo, su ma Allah ne ya ba su." Malamin da kake sunkuyar da kai a gabansa ne ya nuna mini hanyar, ba wata ƙawa ce ta zuga ni ba.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Shekara biyu ba ka shiga mota ba. Ƙanwarka ta haihu ba ka je suna ba, kawunka ya rasu ba ka je ta'aziyya ba, duk don sai an shiga mota, kuma ni ce nake tsayawa ina ba mutane haƙuri a madadinka. Amma don ka guje mini, ka shiga bas har Kano, ka sauka, ka sake shiga wata har Zakirai. Mota biyu a yini ɗaya! Ashe kana iyawa. Ashe kunyar kalma ɗaya ta fi tsoron mutuwa ƙarfi a zuciyarka. Da na tuna yadda ka yi wannan tafiya, gumi yana keto maka, ka damƙe kujerar gabanka, ba kowa a gefenka da ya san halin da kake ciki, sai da na zauna a bakin murhu na yi kuka mai isata. Da na gama na share fuskata na ci gaba da fushina, don bai ƙare ba.

Ka tuna kakarmu ta farko, lokacin girbin gero? Na kawo maka fura gona, ka ce in zauna a kan damin gero. Ka karyo kai biyu da ba su gama bushewa ba, ka hura wuta da kara ka gasa mana tumu. Ka murje shi a tafin hannunka, ka busa ƙaiƙayin, ka zuba mini tsabar a hannu tana da zafi. Ka ce duk abin da ya shiga bakinka sai rabinsa ya shiga nawa. Ni kuwa sakarya na yarda, na ɗauka har da baƙin ciki kake nufi. Ina rabona na wannan ciwon? Don me za ka raba tumu da ni, sannan abin da ya fi ƙarfinka ka ƙunshe shi kai kaɗai ka gudu da shi garin wasu?

To ka sani, na je Dawanau ɗin. Sau biyu na je, ni kaɗai. Na wuce ƙofar kasuwa inda abokan awonka ke zaune, na shiga ɗaya ƙofar. Wadda aka haɗa ni da ita sunanta Malama Tahira, aikinta sauraro ne da magana. Ban ga sarƙa a ɗakinta ba, ban ga allura ba, kujera biyu ne da fanka mai ƙara. Na fara zayyana mata labarinka, sai ta tsayar da ni ta ce, "Ke kuma fa, wa yake tambayar yadda kika kwana?" Shekara biyu ba wanda ya yi mini wannan tambaya, har kai. Da na nutsu ta ce, "Mijinki ba hauka yake ba. Jikinsa ne har yanzu bai samu labarin cewa hatsarin ya wuce ba." Ta ce ana koya wa jiki wannan a hankali, zama bayan zama, kuma ba za ta ce ka manta da Fatihu ba, so take ka iya tuna shi ba tare da numfashinka ya ɗauke ba. Wannan ne abin da ka tsallake gari saboda shi, zama a kujera da magana.

An gan ni ina fitowa, ka san garinmu. Yanzu in na je injin niƙa sai mata su yi shiru, in na juya baya in ji ana cewa ga ta Dawanau nan. Sunan da ka guda ya zo ya same ni har gida, na ɗauka na yafa. Yana da ciwo, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ga ni nan ina tuƙa tuwo ina ɗaukar ruwa, bai kashe ni ba.

Da a kaina abin ya tsaya da ban rubuto maka ba, da na bar ka ka gama zaman Zakirai ɗinka ka dawo don kanka. Aina'u ce. 'Yarka ta daina cin abinci. Tana yin loma biyu ta ture kwanon da bayan hannu, sak yadda kake yi, har karkata kan. Na yi lallashi, na yi mata ɗanwake da take so, Inna ta yi faɗa, duk a banza. Shekaranjiya na tambaye ta dalili, ta nuna mini ɗaya gefen kwanon ta ce, "Na Baba ne, na ajiye masa." Shekararta shida. Awarwaron da ka saya mata da sallah yanzu zamewa yake daga hannunta in ta sauke shi. Malama Tahira ta ce kada in dake ta, kada in yi mata ɗura, yarinya tana kwaikwayon wanda take so ne, kuma babu abin da zai buɗe mata baki kamar ta ga ubanta yana ci. Ta ce in kawo ta ranar Talata da ƙarfe goma na safe.

Zan kai ta. Ko Inna ta yarda ko ba ta yarda ba, ko ka zo ko ba ka zo ba, ba zan zuba ido 'yata ta ƙare a gabana don gudun bakin mutane ba. Amma ka san yadda suna ke bin 'ya mace a ƙauye. Wanda aka liƙa mata tana shekara shida, shi za a tono ran da wani ya zo neman aurenta. Idan ranar Talata ka zo ka shige gabanta a ƙofar nan, za a ce yarinya ta rako ubanta. Idan ba ka zo ba, za a ce ita aka kawo. Ɗayanku ne zai ɗauki sunan nan, Tasi'u, kai mai gemu ko ita da haƙoran gabanta ba su gama fitowa ba.

Ba na yi maka barazanar yaji, ba inda za ni. A ɗakin nan za ka same ni ko bayan shekara nawa ne, ba zan kalli wani ba, ba zan daina sonka ba, don na gwada a cikin kwanakin nan abin ya ƙi. Amma idan ƙarfe goma ta yi na waiga ban gan ka ba, zan kama hannunta mu shiga, kuma in ta tambaye ni ina Baba, ba zan sake yi mata ƙarya don in rufa maka asiri ba.

Matarka, da sonta da fushinta duka, har ranar da za a ɗauki ɗayanmu,

Asama'u