Langar Hajara da Cinikin Jirage

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin ƙera jiragen sama da ya kai ƙarata Legas.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Sa'idu Garba, injiniya, ɗaya daga cikin mutum huɗu da ma'aikatarmu ta turo London mu duba jiragen da ake son saya, mu ba da shawara. Ba ka taɓa ganina ba, amma ka san sunana, domin da sa hannunka aka aika takardar da ta ce kamfanin Amurka, abokin takararku, ya saye ni. Ranar Laraba da ta wuce kwamitin bincike ya wanke ni tas. Alhamdulillahi! Sai yanzu nake jin ɗanɗanon abinci a bakina. Na rubuta wannan da Hausa saboda zargin ya zaga mutanena daga ofishinmu na Charing Cross har kasuwar Lewisham, kuma ba zan iya bin gida-gida ina wanke kaina ba. Fassarar tana zuwa teburinka.

Na ɗaya, maganar jirginku. Ban taɓa cewa ba shi da kyau ba. Abin da na rubuta shi ne, an ƙera shi don iskar ƙasar nan mai sanyi. A filin jirginmu na arewa, da tsakar rana lokacin bazara, inji ba ya ba da ƙarfin da yake bayarwa a nan. Idan aka cika shi da fasinja da kaya irin na mutanenmu, waɗanda ba sa tafiya da jaka ɗaya, titin ba zai ishe shi tashi ba sai an sauke wasu. Na kuma ce dabarar cinikinku ba ɓoyayya ba ce: kun karya farashin jirgi don ku fanshe a kayan gyara, kuma duk wani babban gyara sai an dawo da shi Ingila. Su kuwa Amurkawa jirginsu ya fi tsada, ga shan mai kamar me, na rubuta hakan ban rage musu komai ba. Amma sun yarda su ajiye kayan gyara a gida, su koya wa kanikawanmu aiki. Tun da kuɗin mai ya shigo hannunmu kowa yake mana dariya har kunne, mun sani. Ba na ganin laifinku, kasuwa ce. Sai dai manajanku na ciniki, Mista Pemberton, ya kai manyanmu cin abinci sau ba adadi, ni kuwa da nake tambayar tsawon titi, ko amsar wasiƙa bai taɓa ba ni ba.

Na biyu, abin da aka gani. Injiniyan Amurkawan a nan wani dattijo ne, Mista Kowalski. Wata shida muna musu da shi a kan takardu, har muka saba. Matarsa ta rasu a asibiti, ba shi da kowa a London, 'ya'yansa suna can Amurka ba su iso ba. To, ranka ya daɗe, a garinmu ba a tambayar inda mutum yake aiki kafin a je masa ta'aziyya. Matata Hajara ta dafa shinkafa da miya, ta zuba a langa, wato kwanonmu mai murfi, ta ɗaure da ƙyalle. Na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na je. Na tarar da shi zaune shi kaɗai, ko shayi bai sha ba. Wallahi sai da hawaye ya zo mini. Na zauna da shi, ba mu yi maganar jirgi ba, ba mu ma yi wata magana mai yawa ba. Haka na yi kwana uku ina zuwa, kamar yadda aka koya mini tun ina ƙarami.

A rana ta uku Mista Pemberton ya zo gidan ya zura katin ta'aziyya ta kafar ƙofa, kamar yadda kuke yi. Yana juyawa sai ga ni na fito da ƙunshin langar a hannu. Maƙwabciya ta gaya masa kullum ina nan. Bai tambaye ni ba. Haba! Ga ni ga shi, baki bai fi taku biyu da baki ba. Ya koma ya rubuta cewa an ga injiniyan Najeriya kwana uku a gidan abokin takara, yana fita da ƙunshi, kai kuma ka sa hannu.

Na uku, abin da takardar ta jawo. Kun san lokacin da muke ciki. A gida ana karanta sunayen ma'aikata a rediyo ana sallamarsu, wasu ma ba a saurari ta bakinsu ba. Aka yi suspending ɗina, aka karɓe makullin ofis, aka ce kada in bar London. Mako bakwai ina zaune a flat ina kallon bango. Mutanen da muke sallar Juma'a tare suka fara gaishe ni da ka daga nesa. Aikin bai dame ni kamar mahaifina ba, tsoho ne da rediyo ba ya barin kunnensa, kuma kullum ina tsoron ya ji sunana cikin na masu cin hanci. Hajara ta rame, tana ta cewa ita ta jawo mini da shinkafarta.

Ranar zaman kwamiti ita ce ta nace sai na tafi da langar. Na ce mata ba kotun ƙauye ba ce, ta ce kotun ko ta ina ce, shaida shaida ce. Ai kuwa da aka zo kan ƙunshi na kwance ƙyalle na ɗora ta a tebur. Mista Kowalski ya zo da kansa, ya faɗi abin da ya ci kowace rana, ya ƙara da cewa barkonon ya kusa kashe shi amma bai bar ko loma ba. Shugaban kwamitin, wanda ya taso daga Legas fuskar nan murtuk, ya ɗaga murfin ya leƙa ciki, sai dariya ta ƙwace masa. Suka ba wani injiniya rahotona ya sake lissafi, bai sami inda na karkace ba. Na fito titin Northumberland Avenue ana yayyafi, na tsaya a ciki ban ko buɗe lema ba, ina ta godiya ga Allah.

Ga roƙona. Ka rubuta wa ma'aikatarmu ka janye takardar nan da hannun da ya sa mata hannu. Sannan, tun da har yanzu ba a yanke jirgin da za a saya ba, ka tura injiniyoyinka filinmu da bazara, su tsaya a rana su auna da kansu. In kun gyara, kuka kuma yarda kanikawanmu su koyi aiki, ni zan fara rubuta cewa a sayi naku. Da haka ake cin kasuwa, ba da ɓata sunan mai duba kaya ba. Kada kuma ka kori Mista Pemberton saboda ni. Na ji zafinsa ƙwarai, ban ɓoye ba, amma rashin sani ne ya kai shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa jiragenku su riƙa sauka lafiya duk inda suka tashi.

Abu na ƙarshe. Jiya na ji a ofis cewa mahaifiyar Mista Pemberton ta rasu. Ranar Asabar zan je gidansa, kuma Hajara ta riga ta wanke langar. Ina sanar da kai tun yanzu, a rubuce, don kada wani ya aika Legas cewa ku ma kun saye ni.

Wassalam.

Injiniya Sa'idu Garba,
Lewisham, London.