Hotunan da Yaya Take Ciki

Litinin, 3 ga Maris

Yau a ofis, lokacin hutun rana, fuskar Mama ta ƙi zuwa mini. Muryarta tana nan, har tarinta, amma fuskar shiru. Wata goma sha ɗaya kacal da rasuwarta. Na buɗe waya in duba hotunanta na shekaru biyun ƙarshe. Tara na samu. Tara, a cikin ɗaruruwa.

Talata, 4 ga Maris

Na san inda suka tafi, kuma ba ɓarawo ba ne.

Ni ce dai sarauniyar ajiya. Shekara goma sha biyu ina riƙe da fayilolin ma'aikata, ko takarda ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Hotunan gida ma wuri uku na zuba su: ma'ajiyar intanet, babban filashi, ɗan na'urar ajiyar hotuna, a durowar ɗakina, da wani irinsa a gidan Yaya, saboda tsoron gobara. Baban yara yakan ce ko atishawa na yi sai na ajiye kwafinta.

Yaya ce ta ɗauke Mama daga asibiti ba ta shawarce ni ba, bayan kwana shida Mama ta cika. Na ce ita ta kashe ta. A gaban mutane na faɗa. Da na dawo gida zuciya tana ci na, ga wayar nan tana ware hotuna fuska-fuska. Na taɓa fuskar Yaya, na zaɓi duka, na goge. Na intanet suka bi su, don tare suke tafiya. Sannan na share filashin durowa tas, na sake zuba masa abin da ya rage. Aiki tsaf, irin nawa.

Ban tsaya na tuna wa take zaune kusa da ita a hotunan ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Shagon mai gyara, a ƙarƙashin matattakala, sai warin dalma. Ya jujjuya filashin kusan awa guda. Wai kwandon sharar intanet ya daɗe da zubar da su, filashin kuma an rubuta sabo a kan tsoho.

"Anti, da ɓata suka yi da na lalubo miki. Amma wanda ya goge waɗannan ya san aikinsa."

Na ce masa yara ne.

Asabar, 8 ga Maris

Baban yara ya ce abin da nake nema yana gidan Yaya, tafiyar minti ashirin. Na ce ba zan taka ba. Ya ce girman kai rawanin tsiya. Ban kula shi ba har la'asar.

Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ni da na goge ta, me zai hana ta jefa kayana a bola? Idan ta yi haka, shi ke nan, daga ni sai tara ɗin nan.

Litinin, 10 ga Maris

Na rubuta wa Yaya saƙo sau huɗu. Ban tura ko ɗaya ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na je, daga ofis kai tsaye, kafin in sake shawara. Guga na same ta tana yi a falo. Ta rame. Muka gaisa kamar maƙwabtan da ba sa shiri, ya yara, ya aiki. Na ce filashina na zo karɓa, ina kallon igiyar dutsen guga.

Ba ta tambayi dalili ba. A bayan talabijin ta ciro shi. Ashe duk mako tana jona shi ta kalla. Ta ce kar in damu, a hankali take cirewa yadda na koya mata.

Har na kai ƙofa ta ce, "Ita ta roƙe ni in mai da ta gida. Ta ce kar in faɗa miki, za ki hana."

Na fita. Na kasa gane makullin motata a cikin jaka.

Alhamis, 13 ga Maris

Ɗari huɗu da goma sha biyu. Duk suna nan.

Ga Mama, ga fuskarta, har ɗan tabon gefen hancinta. Kuma ko'ina ga Yaya. Tana riƙe da kofi. Tana yanke mata farce. A wani hoton hannunta kawai ya fito da rabin fuska, yana gyara matashi. A wani tana barci a kan kujerar roba, baki buɗe, ni na ɗauka don in tsokane ta.

Taran da suka tsira kuwa na tuna su. Su ne waɗanda nakan zo ranar hutu da ledar lemo, in ce wa Yaya, "Matsa, kin tare haske."

Na yi kuka sosai. Kunya ce ta fi yawa a ciki.

Lahadi, 16 ga Maris

Na mayar da komai wurinsa, waya, intanet, durowa. Na duba sau biyu.

Saura nata filashin. Dole ya koma, ajiya biyu a gida ɗaya ba ajiya ba ce. Baban yara ya ce hanyarsa ce gobe, zai miƙa mata. Na ce a'a, tuƙinsa ba ya tausayin rami, abin kuma ba ya son jijjiga. Ya dube ni, ya ci gaba da shan shayinsa.

Na tura mata saƙo ina tambayar ƙarfe nawa take gida. Don kar in yi tafiyar banza ne kawai.

Ta amsa tun ban ajiye wayar ba.