Ayar da Kuka Liƙa a Bambar Motata

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin sayar da motoci da na sayi mota a hannunsa, nan Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka, ina gaida iyali da ma'aikata, da fatan ana lafiya.

Ban sa sunanka ba, ban sa na kamfaninka ba, don ba tozarta ka na fito yi ba. Ka san kanka. Duk wani dillalin mota da ke yin abin da zan faɗa, shi ma da shi nake. Ni malamar makaranta ce, ina zaune a Mabera. Na yi ta zarya ofishinka ban samu ganinka ba, shi ya sa na fito fili.

Mahaifina malami ne a Gidan Dahala, ya tsufa yana karantar da mutane a zaurensa. Ciwon ƙoda ya kama shi, sai ana kai shi asibiti wankin ƙoda a kai a kai. A keke napep muke kai shi. Wanda bai taɓa riƙe tsohon da aka gama wanke wa jini ba, keke na faɗawa rami da shi yana runtse ido, ba zai gane abin da nake nufi ba. Don haka ni da 'yan uwana muka haɗa ƙarfi muka sayi mota a wurinka da bazarar da ta wuce. Ba don ado muka saya ba, don Baba ya kwanta a kujerar baya ya huta.

Ga abin da nake kuka da shi.

Na farko. An kawo mana motar da tallanku a jikinta ta ko'ina: sunan kamfani a gilashin baya, lambar waya a ƙofar but, har firam ɗin lamba naku ne. Ba wanda ya tambaye ni. Mota na saya, ban ɗauki aikin yi muku talla ba. Duk da haka, da a nan abin ya tsaya, wallahi da ban ɗauki alƙalami ba.

Na biyu, kuma shi ne ciwon. A bambar baya, can ƙasa, dab da salansa, kun liƙa aya da rubutun Larabci, ayar godiya mai ɗauke da sunan Allah, lambar wayarku na bin ta a gefe. Ranar da na kai motar Gidan Dahala, Baba ya fito da sandarsa yana murna, ya zagaya yana yi mata addu'a. Da ya iso baya sai ya tsaya. Ya duƙa da ƙyar, ya karanta, ya miƙe, fuskarsa ta sauya. Abin da ya ce kawai shi ne: “Ba ni shiga. Ba ni zama bisa, sunan Allah na ƙasa yana shan hayaƙi.” Mutum ne da ko guntuwar takarda ya gani a hanya da baƙin Larabci sai ya ɗauke ya sa aljihu. Mun roƙe shi, yayana ya kawo masa maganar lalura, Baba ya ce keke na nan, lalurar ba ta kai ba.

Na uku. A makon na koma kamfaninku. Manajanka ya saurare ni yana murmushi, ya ce ai Hajiya mutane son sitikar nan suke yi, maganin kambun baka ce. Haba! Kambun baka da lambar waya? Ya ƙara da cewa duk motar da aka taɓa tambarin kamfani a jikinta ta fita daga garanti, kuma ba sauran sabis na kyauta. Na ce to ku cire da kanku. Ya ce sai Alhaji ya dawo daga tafiya. Na dawo, aka ce ka shiga taro. Na sake dawowa, aka ce mai cirewar bai zo ba. Ina jira, damina ta sauka. Kowa ya san yadda hanyoyin Mabera suke in an yi ruwa. Sau ɗaya na fita da motar, na dawo na ga ruwan kwata ya wanke ayar tun daga farko har ƙarshe. Daga ranar na ajiye ta na rufe, muka ci gaba da tare keke, wani lokaci maƙwabci ya taimaka da tasa.

Na huɗu. Da na gaji da jiranku, na ce garantin ya tafi. Ban kai ta wurin wankin mota ba, don na san reza za su sa, guntayen su bi ruwan sabulu su faɗa kwata. Na yi alwala, na shimfiɗa tabarma, na ajiye faranti a ƙarƙashin bamba, na durƙusa da ruwan ɗumi da farcena. Alhaji, ka taɓa gwada cire sitikar da ranar Sakkwato ta gasa? Ba ta fita gaba ɗaya. Haruffan yankakku ne, kowane da gam ɗinsa, kuma sun ƙame. Haka na yi ta tsinka su ƙwaya ƙwaya. Da hannuna na yayyaga sunan Allah, ina yi ina istigfari, ina kuka. Rubutun allo wankewa ake yi a sha, ko a zuba a wuri mai tsarki. Na takarda a ƙona a binne tokar. Wannan leda ce, ba ta wankuwa, in an ƙona ta sai ta dunƙule ta yi wari.

Da na gama na goge gam ɗin da kananzir, sai ga rubutun nan daram a jikin fenti. Ashe motar ta daɗe a filinku cikin rana da sitikar a jiki, fentin kewaye ya koɗe, na ƙarƙashin haruffa bai koɗe ba. Na kai wa Baba ita ya gani. Shi da idonsa ya yi rauni, ya matso ya bi rubutun da yatsa, ya karanta ayar tsaf. Ya dube ni da tausayi, ya ce Allah ya yi mini albarka, amma har yanzu tana nan. Na je wurin mai fenti, ya ce in kawo bambar mako mai zuwa.

Ba mu kai makon ba. Ranar Talata bayan la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina gidan Baba, sai ya yanke jiki ya faɗi a zaure. Ba keke a titi, ba kabu-kabu, maƙwabcin ya fita. Na ruga gidana a ƙafa na ɗauko motar. Ni da yayana muka ciccibe shi muka kwantar a kujerar baya, bai san inda yake ba. Na tuƙa shi cikin ruwan kwatar nan har asibiti. Bai farfaɗo ba. Kwana biyu bayan haka Allah ya karɓi abinsa.

Ban ce kai ka kashe mahaifina ba, Allah ya tsare ni da faɗin haka. Kwanansa ne ya ƙare. Amma watanninsa na ƙarshe ya yi su ne yana jijjiga a keke, motar da aka saya dominsa na rufe a gida, saboda tallanku. Kuma shigarsa ɗaya tak cikinta, ni na sa shi, a wurin da ya ce da bakinsa ba ya shiga, ban kuma samu damar ce masa ya yafe mini ba.

Ba diyya nake nema ba. Roƙona shi ne:

Ɗaya, ku raba aya da talla. Sunan kamfaninku naku ne, ku liƙa inda kuka ga dama a filinku. Sunan Allah ba na bamba ba ne.

Biyu, kada a ƙara liƙa komai a motar da aka sayar sai an tambayi mai ita.

Uku, motocin da suka riga suka fita da wannan sitika suna da yawa a garin nan, kullum ina ganinsu a gabana a kan titi. Ku kira masu su, ku cire musu, ku gyara fentin, ba tare da yi musu barazana da garanti ba. Wanda zai cire ya zama ya san abin da yake taɓawa, a tattara guntayen, a tambayi malamai yadda za a yi da su.

Ina roƙon Allah ya yi wa kasuwancinka albarka ta halal, ya shirye mu baki ɗaya, ya jiƙan mahaifina. In naka iyayen na raye, Allah ya ƙara musu lafiya. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka ɗauki mahaifinka da hannunka ka kwantar da shi inda ya roƙe ka kada ka sa shi.

Wassalam.

Ɗiyar marigayin,
Mabera, Sakkwato.