Tambayar Madam Irene

Leeds, Ingila
Nuwamba, 1976

Yaya Silvanus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙafar Mama? Kun haƙe doya a Kagoma? Ni lafiya lau nake, kada ku damu.

Makaranta ta ba ni ɗan bincike a gidan marayu da gidan tsofaffi, in gano ko dangi suna kawo musu ziyara. Yaran ba sa amsawa, sai dai su riƙe mini hannu. A gidan tsofaffin wata Madam Irene ta ce ɗanta yana garin nan, amma tun Kirsimeti bai leƙo ba. Sai ta dube ni ta ce, “Ke fa, 'yata, wa yake zuwa ganinki?”

Na ce mata karatu ya yi mini yawa. Binciken ya ƙare, amma kowace Lahadi bayan sujada ina komawa mu sha shayi tare.

Ka rubuto mini, ko layi biyu ne. Ba don ni ba, ita ce kullum take tambaya ko wasiƙa ta zo daga gida.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Ƙanwarka,
Martina