Hutun da Muka Ɗora wa Gwiwarki

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Umma. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo miki da labari, na kuma zo amsa laifi.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarki. Sojoji sun koma bariki, an yi zaɓe, har yanzu hotunan 'yan siyasa na manne a bangayen unguwarmu Makera. Ni kuma na gama karatun gashin ƙashi, wanda kike cewa tausa ce kawai aka sa wa farar riga. Yanzu ina cikin masu bincike kan ciwon gwiwa a asibitinmu.

Kin tuna lokacin da gwiwarki ta fara? Muka taru muka yi miki gata. Yaya Sani ya hana ki suyar waina, ni na ƙwace tsintsiya, ko buta ba ma bari ki ɗauka. Wanzami ya yi miki ƙaho, muka ce ki zauna ki huta, ai kin haifa. Kika koma salla a zaune. Kina yawan cewa, "Ba ciwon ne ya dame ni ba, sujada nake kewa." Mu kuma sai mu ƙara miki matashi.

Umma, kuskure muka yi. Akwai wata tsoka a cinya, ta wajen ciki, ita ke taimakawa wajen riƙe ƙoƙon gwiwa a kan hanyarsa. Idan ta yi nawa, sai ƙoƙon ya karkace ya riƙa goga, ciwo ya taso. Zama kuwa ƙara mata lalaci yake yi. Na ɗora hannu a cinyoyin mata da yawa ina jiran lokacin da tsokar take kama aiki, na kuma ga ana iya koya wa tsokar kamawa a kan lokaci. Ranar da na fahimci haka, kuka na yi a bayan ofis.

Bara ƙanwarki, Inna Asabe, ta fara irin naki sak. 'Ya'yanta har sun sayo mata kujerar salla. Na tafi gidanta a Nasarawa na ce ban yarda ba. Kullum da hantsi nakan sa ta miƙe ƙafa ta matse cinya, sannan ta hau dakalin ƙofar ɗakinta ta sauko a hankali. Maƙwabta suka ce boko ya cire mini kunya, ina wahalar da tsohuwa. Kawu Isa ya daina amsa gaisuwata. Ita kanta Inna ta wanke ni tas, wai mulkin soja ya ƙare ko'ina ban da gidanta. Washegari na tarar da ita a kan dakalin tana jirana.

Juma'ar da ta wuce ta yi la'asar a tsaye. Ta kai ƙasa da kanta, ta daɗe a sujada har na fara tsorata. Da ta sallame ta dube ni ta ce, "Yayata nake roƙa wa. Ita ba ta samu wannan ba."

Ki yafe mana, Ummata. So ne ya sa, da rashin sani. Amma na yi miki alkawari, duk tsohuwar da ta shigo hannuna, ba zan bari a zaunar da ita da sunan ladabi ba, ko da dangi duka za su yi fushi da ni.

Allah Ya yalwata makwancinki, Ya rubuta miki ladar kowace sujada da muka hana ki. Amin.

'Yarki mai taurin kai,
Binta